Gulma da Babban Baƙi

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya hore wa ɗan Adam alƙalami, daga baya kuma ya bar shi ya ƙago madannai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka.

Dalilin wannan rubutu wata magana ce da na ji daga bakin samarin da ke zuwa shagonmu koyon aiki. Ɗayansu ya ce tsara hanyoyin shafin intanet ba aiki ba ne, wai layi ɗaya ne mutum zai kwafo ya liƙa, ya tafi cin tuwo. Ban tanka masa ba a lokacin, domin akwai goro a bakina. Yanzu na gama da goron.

Ni Attahiru ba da kwamfuta na tashi ba. Gidanmu a Birnin Kebbi gidan karatu ne, a zauren mahaifina na yi fiƙihu da nahawu da sarfu, a nan kuma na karantar da wasu. Da aka ba mu jiha, ofisoshi suka cika gari, kowa yana neman mai buga masa takarda, sai na koyi tafireta don neman abin cefane. Ina cikin wannan Arzika ya dawo daga karatun boko. Arzika ɗalibina ne na sarfu, wanda na sha ja wa kunne a kan fi'ili mai illa. Ya buɗe shago kusa da kasuwa, ya kafa faranti a kan rufi don janyo intanet, ya ce in zo in taya shi, tun da yatsuna sun riga sun san inda baƙaƙe suke. Ta haka na zama almajirin almajirina, gemuna da furfura. Muka yi yarjejeniya: a shago shi ne Injiniya, a zaure kuwa Arzika ne, kuma shi ke ɗauko buta.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Kwamfuta biyu, ɗaya ba ta tashi sai an mare ta a kwiɓi. Janareta ɗaya mai ra'ayin kansa. Akwatin ajiyar wuta da ke kuka kamar ɗan tsako duk sanda aka ɗauke lantarki. Sai tabarauna, wanda shi ne mafi muhimmanci, domin a wannan sana'a ɗigo ɗaya yana iya rufe kasuwa.

Ranar da Arzika ya fara nuna mini hanyoyi, ya buɗe wani shafi cike da alamomi kamar tururuwa ta bi ta cikin tawada. Ya ce, "Malam, wanga shi aka kira rejeks. Ka ga adireshin da mutum ka rubutawa can sama? In ya iso wurinmu, sai a auna shi da layin hwarko. In ya dace, a buɗe mishi ɗakin da layin ya nuna. In bai dace ba, a gwada na ƙasa, har a kai ƙarshe. In ba a samu ba, a ce mishi babu."

Na gyara tabarau, na duba da kyau, na ce, "Injiniya, wannan ai mizani ne."

Ga wanda bai yi sarfu ba, bari in yi bayani. Malaman Larabci ba sa bin kalmomi ɗaya bayan ɗaya. Sukan ɗauki baƙi uku, fa da ain da lam, su ƙera mizani, kamar fa'ilun, sai duk kalmar da ta hau kansa ta zauna daidai, katibun ko alimun, a san aikinta ba tare da an tambaye ta ba. Rejeks shi ne wannan, ba ragi. Na gaya wa Arzika cewa ashe Turawa sun iso sarfu, sai dai sun makara ƙwarai. Ya ce zai isar musu.

Alamomin kuwa na sa musu sunayen da zan iya riƙewa. Wannan ^ hula ce, tana nufin daga nan adireshi zai fara, kada a sa komai a gabanta. Wannan $ dala ce, tana nufin nan aka tsaya. Ɗigo yana karɓar kowane baƙi, ba ya zaɓe. Tauraro yana cewa a maimaita abin da ke gabansa iya yadda aka samu. In ka haɗa ɗigo da tauraro, ka sami makwaɗaicin da ke haɗiye duk abin da aka ajiye masa. Saboda haka in ka rubuta ^kifi/$ ka buɗe ɗakin kifi shi kaɗai. In ka bar hula da dala a gida ka rubuta kifi tsirara, to duk adireshin da kifi ya gilma a cikinsa, a gaba ko a tsakiya ko a baya, nan za a kai shi. Ku riƙe kuma cewa manhajar da ke bin waɗannan layuka mai gadi ce marar tunani. Daga sama take farawa, layin da ya fara dacewa shi ke nan, ba ta leƙa na ƙasa ko da ya fi cancanta.

Aikin farko da na yi ni kaɗai na wani mai sayar da taki ne, wanda ya so kowane dillalinsa ya sami ɗaki da sunansa. Na rubuta mizani mai karɓar baƙaƙe daga a zuwa z. Kowa ya shiga lafiya, sai wani bawan Allah mai suna Ɗanƙane. Ya zo shago da kansa, ya tsaya a bayana, na buga sunansa, na'ura ta ce babu shi. Mutumin ya cika ƙofa da kafaɗu, ga inuwarsa ta rufe mini haske, amma na'ura ta nace babu shi. Ya ce, "Malam, to ni wa na?" A ranar na gane cewa daga a zuwa z ɗin Bature babu ƙa, babu ɗa, babu ɓa, sai ka shigar da su da hannunka kamar baƙin da ba a aika wa goron gayyata ba. Tun daga nan nake duban kowane baƙi da idon tuhuma.

Babban abokin cinikinmu wata ƙungiya ce ta manoma da masunta, mai ofis a Argungu. Shugabanta Alhaji Namadina, dattijo mai son zaman lafiya da shayi. Mun gina musu shafi inda kowane gari ke da ɗakinsa, a sa farashin kaya da lambar dillali, don 'yan kasuwar kudu su shiga kafen intanet su duba kafin su turo mota. Adireshin yakan zama gari/Augie/albasa, ko gari/Argungu/kifi, ko gari/Gulma/shinkafa. Muka ƙara musu wani ɓangare da muka kira zaure, inda 'yan ƙungiya za su buɗe zance a kan taki da iri da tsutsa, kan maganar kuma ya zama adireshinta.

Sai mummunar shekara ta zo. Gulbi ya cika ya hau fadama, shinkafa da yawa ta kwana a ƙarƙashin ruwa. Mai taki ya rufe shafinsa, sauran abokan cinikinmu suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, domin wanda gonarsa ta nutse ba ya neman adireshi. Ƙungiyar nan kaɗai ta rage mana. Arzika ya faɗa mini a fili cewa ranar da suka tafi, ranar za mu sauke faranti, ni in koma tafireta, shi ya nemi babur ya shiga kabu-kabu.

Mutanen da ba su da aikin gona kuwa suna da lokaci. Zauren da muka gina don taki ya koma wani abu dabam. Wani ya buɗe zance ya sa masa suna gulmar yau. Wani ya buɗe gulmar masu albasa. Aka shiga tonon wanda ya tsoma hannu a tallafin iri da wanda babbar rigarsa ta aro ce. Alhaji Namadina ya kira ni a waya ya ce, "Malam, don girman Allah duk inda kag ga gulma cikin shahin ga, ka toshe ta."

Na ce toshewa kaɗai ba ta gyara zuciya, gara a shiryar. Na zauna na rubuta nasiha a kan cin naman mutane, na tsara ta babi babi, da ma'anarta a lugga da ma'anarta a shari'a, da rabe-rabenta, da hukuncin mai yi da na mai saurare, da sharuɗɗan tuba. Ban taɓa rubuta abin da ya kai ta tsari ba. Sannan na sa layi a can saman dukkan hanyoyi, kalma ɗaya tsirara, gulma, na ce duk adireshin da ta fito a cikinsa a kai mai shi ɗakin nasiha.

Kada wani yaro ya zaci na manta akwai gari mai wannan suna. Ina da dangi a can. Na yi tunanin abin sosai, na ga rejeks yana bambanta babban baƙi da ƙarami. Garin Gulma da babban G muke rubuta shi, zunubin kuwa da ƙarami. Na gwada gari/Gulma/shinkafa, shinkafa ta fito. Na gwada zaure/gulmar-yau, nasiha ta fito. Na yi hamdala, na tafi Augie ta'aziyyar wani malaminmu, na yi kwanaki a can.

A bayana wani mai sayen albasa ya yi ƙorafi cewa ya buga augie da ƙaramin baƙi an ce masa babu. Ƙorafinsa gaskiya ne, mai shiga kafe yana kallon lokacinsa na ƙarewa ba ya neman babban baƙi. Arzika ya yi abin da kowane injiniya mai hankali zai yi. Akwai makunni guda da ke gaya wa manhaja ta daina bambanta babba da ƙarami a dukkan hanyoyi. Ya kunna shi, ya gwada augie, albasa ta fito, shi ma ya yi hamdala.

To a shekarar nan mutanen Gulma na cikin 'yan kaɗan da suka tsira da shinkafa, kuma kowa ita yake nema.

Na dawo shago ke nan, ban ko zauna ba, sai ga Alhaji Jabbi ya shigo. Shi ne babban dillalin shinkafa na Gulma kuma wakilinsu a ƙungiya, gajere, mai magana a hankali kamar yana auna ta da tiya. Ya yi sallama, ya tambayi iyali, ya yi mini gaisuwar rashi, ya ƙi kujera.

Ya ce, "Malam Attahiru, mi munka yi muku?"

Na ce, "Alheri, Alhaji."

"Ina da mai saye Ibadan, Alhaji na shi ma, shina jin Hausa kamar ni. Ya shiga shahinku neman kuɗin buhu. An ce mishi shi ji tsoron Allah shi bar cin naman mutane. Ya hita ya sake shiga, an sake gaya mishi. Ya canza kahe, wa'azin ya riga shi isa. Sai jikinai ya yi sanyi, don ashe kwanan baya ya yi da surukinai. Ya tashi takanas ya tai ya roƙi gahwara."

Na ce, "Masha Allah."

Ya ce, "Masha Allah. Ya tuba, kuma ya sayi shinkahwar Augie."

Arzika ya sunkuyar da kai cikin madannai. Alhaji Jabbi ya ci gaba da cewa ba mutum ɗaya ba ne, duk wanda ya nemi Gulma tun makon jiya wa'azi yake samu, har yaran tasha sun fara tambayar direbobinsu ko sun tuba. Mutanen garinsu sun yanke cewa aikin 'yan Augie ne, sun saye mu. Za su fita daga ƙungiya ranar taron Argungu. Kafin la'asar Alhaji Namadina ya kira ya ce in Gulma ta fita, shi ba zai iya riƙe shafin da ya raba masa jama'a ba, mu zo mu yi bayani da bakinmu.

Ba mu da kwamfutar hannu a lokacin. Ranar taron, Arzika ya ɗaure akwatin kwamfutar a bayan babur ɗin aro, ni na hau tsakiya na rungume allon a cinya, rawanina yana ta neman rabuwa da ni, haka muka bi hanyar Argungu. A hanya muka yi muhawarar da har yau ba mu rufe ba. Na ce mizanina lafiya yake har aka taɓa makunni. Ya ce, "Malam ya hi ni sani, amma mizanin da ba hula ba dala, tsirara shika yawo." Na ce tsiraicin da ke cikin ɗaki ba laifi ba ne sai an buɗe ƙofa. Ya ce zai ba ni amsa in mun wuce ramin da ke gabanmu.

An yi taron bayan azahar a ƙarƙashin rumfar ofis. Mutanen Gulma a gefe ɗaya, na Augie a ɗaya gefen, masuntan Argungu a tsakiya suna jiran kallo. Aka tada janareta na aro, na kunna na'ura, na miƙe na yi bayani kamar yadda nake yi a zaure, da muƙaddima. Na nuna musu layin, na nuna babban G da ƙarami, na faɗi yadda makunni ya mai da su abu guda.

Alhaji Jabbi ya saurara har na kai aya. Ya ce, "In na gane, mutuncin garinmu duk kun rataye shi ga tsawon baƙi guda."

Na ce, "A taƙaice, haka ne."

"Malam, kai da ka karanta ajami tun ba ka da wando. Can akwai babba da ƙarami?"

Na ce babu.

Wani tsohon masunci ya ce shi dai abin da ya fahimta shi ne an jefa taru don tarwaɗa an kamo limami. Aka yi dariya, ban da ɓangaren Gulma.

Na zauna na yi gyaran a gabansu. Na sa wa layin hula, na rubuta zaure a bayanta, ya zama ^zaure/.*gulma, wato kada a kama kalmar sai a cikin zaure. Shayin Alhaji Namadina bai huce ba na gama. Na buga gari/gulma/shinkafa da ƙaramin baƙi, shinkafa ta fito. Na buga da babba, ta fito. Na ce wa Alhaji Jabbi ya buga da hannunsa, ya buga da yatsa ɗaya, ta fito da lambarsa a ƙasa. Na ɗauka an gama.

Ya ce, "To, an gyara. Saura adalci. Mun sha wa'azi mu kaɗai har kasuwa ta ci ta watse. Augie hwa? Su ba su da harshe? In ana so mu zauna, a ba su nasu kason, su da Argungu."

Wakilin Augie, wani dogo mai albasa, ya ce su ba su yi wa kowa komai ba, ba za a rufe musu ciniki don sunan garin wasu ba. Murya ta fara tashi. Alhaji Namadina ya dube ni ya ce, "Malam, kai ka ɗaura, kai ka kwancewa. Mi shari'a tac ce?"

Faranti da janareta da kujerata duk suna kan wannan amsa. Na gyara zama na ce mas'alar tana da fuska biyu. In nasiha cuta ce, to haƙiƙa an cuci Gulma, kuma ba a gyara cuta da cuta. In kuwa alheri ce, to Gulma ta sami rabon da aka hana Augie da Argungu, kuma su ne ya kamata su kawo ƙara. Saboda haka kafin in yi hukunci, ina so wanda yake ganin nasiha cuta ce ya ɗaga hannu, a gan shi.

Ba wanda ya ɗaga hannu. Masunta suka juya gaba ɗaya suna kallon mai albasa. Ya duba hagu, ya duba dama, ya ce, "Ni ban ce ban son wa'azi ba."

Alhaji Jabbi ya ce, "Alhamdu lillahi, ya nema da bakinai."

A nan aka daidaita cewa kowace Juma'a, daga safe har a sauko daga masallaci, duk wanda ya shiga shafin, ko wane gari ya nema, nasiha zai tarar. Arzika ya haɗa abin da agogo, ni na rubuta layin a can sama, ɗigo da tauraro, .* ke nan, makwaɗaicin da nake hana yara taɓawa. Shi ne mizani mafi gajarta da na taɓa rubutawa, kuma ban taɓa tara masu saurare kamar yadda ya tara mini ba, har da waɗanda ba sa jin Hausa. Gulma ta zauna a ƙungiya, faranti ya zauna a kan rufi.

Masu gulmar zaure kuwa ba su yi mako ba suka koma rubuta tsegumi. Alhaji Namadina ya sake kira ya ce in toshe wannan ma. Na ce sai ya fara aikawa tasha an tambayi direbobi, daga na Kamba har na Yawuri, ko akwai gari ko ƙauye ko unguwa ko mashaya mai suna Tsegumi. Sai da amsa ta dawo na taɓa madannai.

Wannan shi ne layi ɗayan da kuke cewa a kwafo a liƙa. Allah ya ba ku hula da dala a inda suka dace.

Da kaka ta zagayo, wata mota ta tsaya a ƙofar shago, aka sauke buhun shinkafa, aka ce daga Alhaji Jabbi. A jikin buhun an rubuta Gulma da shuɗin fenti, G ɗin ya kai tsawon kamu, sauran baƙaƙen sun maƙale a gindinsa kamar 'yan tsaki. Na tambayi direban dalili. Ya ce, "Alhaji ya ce a girmama shi da kyau, kar buhun shi iso ku yi mishi wa'azi."

Har yau duk kaka buhun yana zuwa, G ɗin kuma ƙara girma yake yi. Ni da Arzika mukan raba shi biyu daidai, tun da ba a tabbatar da mai laifi ba. Allah ne mafi sani.